Gahawar da Baba Ya Sha a Gindin Dutse

Mijin yayata mutum ne da ya yanke wa burushin goge bakinsa mariƙi don kada jakarsa ta yi nauyi. Da idona na gani, a tsakar gidansu da ke Mayo Gwoi. Da ya gama ya ɗora guntun a kan wani ɗan sikeli, ya gyaɗa kai cike da gamsuwa. Tumbinsa kuwa, wanda ya sa aka ƙara wa bel ɗinsa huji, ba ya cikin lissafin nauyi.

Hamma nake ce masa, yadda muke kiran babban wa a gidanmu, kuma tunda ƙanin matarsa ne ni, tsokanarsa haƙƙina ne. Ma'aikacin ofis ne. Wani kwas aka tura shi, ya dawo mana da ciwo biyu, kwanan daji da shan gahawa. Ba irin ta gwangwani da mai shayi ke zuba wa direbobi ba. Tasa daga Mambila ake kawo masa 'ya'yanta, ya niƙa da ɗan inji na hannu, ya tace ta cikin takarda, yana ɗiga ruwan zafi a hankali kamar mai ba jariri magani. Ba sukari, ba madara. In ka nemi sukari sai ya yi maka kallon wanda ya zagi iyayensa.

Duk wannan iyayin, akwai abin da ke cin ransa, kuma kowa a gida ya sani. Baba bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Ranar da ya zo gaisuwar farko gidanmu a Barade, wata saniya da ake kiwo a bayan gida ta juyo ta kalle shi, kallo kawai, sai ga bawan Allah a kan katanga da babbar riga. Baba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan shanu, ya gani da idonsa. An yi aure, an haifi yara, amma in Hamma ya durƙusa gaisuwa, Baba rediyonsa yake kallo ya amsa. In zai ambace shi sai ya ce "mai gudun nan". Adda, wato yayata, ta sha yin kuka a kan haka. Ni dariya nake yi, amma a raina abin yana ba ni tausayi.

Wata Asabar Hamma ya ce in raka shi kwanan daji. Da na ji inda za mu, na gane ba iska za a sha ba. Gindin wani dutse ne bayan Kona, kusa da rugar ƙanin Baba, inda sauran shanunmu suke, inda Baba ke zuwa duk safiyar Lahadi ya duba su. Hamma zai nuna wa surukinsa cewa shi ma ɗan daji ne.

Jakarsa kam ba nauyi, wannan na yarda. Tantin da ya kafa, in ka shiga ƙafafunka a waje suke kwana. Risho ɗan mitsitsi na gas, kofi ɗaya, cokali ɗaya, da tukunya ɗaya wadda ya ce ƙarfenta irin na jirgin sama ne. Kafin magariba muka dafa taliya da kifin gwangwani a cikinta, na zazzage mata yaji. Da na tambayi sabulu da soso, sai ya yi dariya.

"Kai, ba ka san komai ba. Sabulu nauyi ne. Masu abin da ciyawa suke gogewa."

Ya tsinko ciyawa ya goge tukunyar, ya ɗauraye da ruwan da bai fi kurɓa biyu ba, ya kife ta a kan dutse.

Washegari da hantsi sai ga Baba, sanda a kafaɗa. Ya tsaya ya ƙare wa tantin kallo, sannan ya dube ni.

"Jam na? Lafiya? An kore ku daga gari?"

Hamma ya zube ƙasa yana gaisuwa. Kafin Baba ya wuce, ya tattaro duk ƙarfin halin da ya rage masa ya ce, "Baba, a zauna a sha ruwan zafi." Na ɗauka Baba zai ce alhamdu lillahi ya yi gaba, don a wurinmu suruki ba ya sa abu a baki a gaban suruki. Ban san me ya gani ba. Ya nemi dutse ya zauna.

Ban taɓa ganin an dafa gahawa da irin wannan ladabi ba. Hamma ya tafasa ruwa a tukunyar jiya, ya niƙa, ya tace. A gida ba ya miƙa wa kowa sai ya ɗanɗana tukuna. Yau ina halin ɗanɗani, ga suruki zaune? Ya miƙa kofin da hannu biyu, ya tashi ya koma bayan dutse ya ba da baya, don Baba ya samu sakewa.

Baba ya kurɓa. Ko gashin girarsa bai motsa ba. Ya sake kurɓa, ya sake, har ya sha fiye da rabi, sannan ya miƙo mini saura yadda manya ke yi. Na kai baki. Jama'a! Ɗaci, ƙarnin kifi, ga yaji yana bi ta baya yana kama maƙogwaro, ga maiƙo yana yawo a sama. Na juya zan tofar, sai na ji bakin sandar Baba a kan yatsan ƙafata. Na haɗiye, na shanye har ƙasa, hawaye na zubo mini.

"Wannan abu," Baba ya ce ƙasa-ƙasa, "haka yana sha kullum?"

Na ce kullum da safe.

"Ba sukar?"

Na ce babu.

Ya kalli bayan dutsen. Can ya ce, "Mutum da yana shan wannan da safe, fuska bai canza ba, ba matsoraci ba ne." Ya ɗaga murya: "Useko, ɓingel am." Wato na gode, ɗana.

Hamma ya daɗe bai fito ba. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya ce hayaƙi ne, alhali rishon gas ba ya hayaƙi. Har muka iso gari yana yi mini lacca a kan cewa gahawa mai kyau ita ke magana da kanta. Na bar shi. Ban faɗa masa abin da ke cikin kofin ba, ban kuma faɗa wa Baba cewa tasa ta gida ba kifi a ciki.

Shekarun da suka biyo baya, Baba kashe rediyo yake yi in Hamma ya shigo. A ciwonsa na ƙarshe, da aka zo ɗaga shi zuwa mota, ya ture hannun kowa. Ya ce wa Adda, "Kira mini ɗana. Shi yana da juriya."

Ina tsaye a bakin gadon, ni ɗan cikinsa da na shanye sauran gahawar. Na matsa gefe na ba Hamma hanya.