Salvu Mai Ciyar da Rijiya

Salvu Micallef bai taɓa yarda da kwal ba, ko da yake shi ya ci da shi tun yana saurayi. Kwal ɗin kwarin Latrobe jiƙaƙƙe ne, mai ruguzuwa a hannu kamar busasshen tuwo, ga shi da mugun hali: a bar shi ya bushe, sai ya kama wuta da kansa. Aikin Salvu ke nan a mahaƙa har ya yi furfura, ya bi bangon kwal yana ɗora tafin hannu, inda ya ji ɗumi ya sakar masa ruwa. Matarsa Noeleen ta ce ko goshinta bai taɓa dafawa da irin wannan kula ba.

Da aka rufe mahaƙar, wani kamfani ya ɗauke shi aikin da shi kansa yake jin kunyar faɗa a mashaya. Sun haƙa rijiya mai zurfi har cikin kwal, suka zuba wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ci kwal ɗin su fitar da iskar gas. Salvu ke ɗura musu ruwan maɗi ta bututu kowace safiya. Idan suka rayu, yana da aiki. Idan suka mutu, shi da kwal sai a labari.

Abin ya shiga ransa fiye da kima. Yakan kara kunne a bututun ya ji wani ƙugi can ƙasa, kamar cikin saniya. Tsoro yake ji, amma ba ya iya ɗagawa.

"Dokta, wai sun san ni?" ya tambayi Dokta Halloran, matashiyar da ta yi shekaru tana kiwon ƙwayoyin.

"Baba Salvu, ko baki ba su da shi."

"To da me suke cin dutse?"

Ran nan da tsakar rana iskar arewa ta taso da zafi, irin wadda ta taɓa hura gobarar da ta turnuƙe garinsu makonni. Dokta kuwa ta tafi birnin Melbourne. Salvu ya dafa bututun da rana ta gasa, ya ji ɗumi. Bai yi shawara da kowa ba, hannunsa ya riga kansa. Ya jawo tiyo daga famfon gari ya sakar wa rijiyar ruwa har la'asar.

Babu wata wuta. Ruwan famfo kuwa yana ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma maganin bai san na gida da baƙo ba. Kafin mako ya zagayo ƙugin ya ɗauke.

Da Dokta ta dawo ba ta yi faɗa ba, ta dai zauna a kan bokiti ta yi kuka. Salvu ya cire hula ya ce, "'Yar nan, ana binne su ne?"

"Ai a binne suke, Baba."

Kamfanin ya kwashe kayansa, aka toshe bakin bututun da murfi. Yanzu Noeleen na mitar sukari ba ya auki a gidanta. Kullum da safe Salvu kan tuƙa mota zuwa filin rijiyar, ya kwance murfin, ya tsiyaya shayi mai zaƙi, ya tsuguna yana ba su haƙuri. A makon jiya yana cikin magana rijiyar ta yi gyatsa. Bai gaya wa kowa ba, ya dai ƙara sukari.