Lado Makaɗin Noma da Gayaunar Shatu

A Kwarin Gawo, wani ƙauye da ke ƙasar Sandamu, duk wanda ya taɓa riƙe garma ya san muryar Lado. Makaɗin noma ne, ɗan makaɗin noma, jikan makaɗin noma. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka saboda shekara arba'in tana ɗauke da ganga. In an yi gayya, shi ke bin manoma kunya-kunya yana kiran kowa da taken kakansa, har wanda gwiwarsa ta yi sanyi ya zabura ya ci gaba.

Sau ɗaya tak ya taɓa nisa da gida. Yana saurayi ya bi motar shanu zuwa Ikko, ya yi kusan shekara yana dako a bakin teku. Abokan tafiyarsa suka zauna, wasu har suka yi aure a can. Shi kuwa ranar da ya tuna gero ya nuna a gida, sai ya naɗe tabarmarsa. Da aka tambaye shi labarin teku, cewa ya yi, "Ruwa ne iya ganinka, amma ko zangarniya ɗaya babu a bakinsa. Garin da ba a gasa tumu, zaman me zan yi?"

Kaka ce lokacinsa. Da an fara yankan gero, amalanke na shigowa gari da dammuna, ƙanshin sabuwar gyaɗa ya cika ko'ina, sai ka ga Lado kamar an rage masa shekaru. Manoman da ya yi wa kiɗa da damina kowa ya aiko masa da dami. Da la'asar ya zauna ƙofar gida yana murza tumu a tafin hannu, yana ba duk wanda ya tsaya labarin garin: yadda Kabo, wanda ya kafa garin, ya zo ya sari dajin nan tun sarautar Daura tana Zango, wa ya haƙa rijiyar farko, wane gida ne ya buɗe rumbunsa a shekarar babbar yunwa. Bai yi boko ba, a allo ma bai yi nisa ba. Duk abin da ya sani a cikin waƙa ya gaje shi.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, aka yi sanarwa bayan sallar Juma'a cewa a dakatar da kaɗe-kaɗe. Lado bai ja da kowa ba. Ya dawo gida ya naɗe gangar a tsohon buhu, ya rataye ta a cikin rumbu, ya koma tufkar igiya da saƙar zana. Sai dai yatsunsa ba su ji sanarwar ba. In matarsa Safiyatu ta ajiye masa tuwo, kafin ya buɗe akushin sai ya ɗan taɓa kiɗa a kan murfin.

"Malam," ta kan ce masa, "ka ci ne, ko ka jira tuwon ya taka rawa?"

A kaka ta biyu bayan haka rigima ta taso tsakanin Mainasara da Ikrima, 'ya'yan wa da ƙani, dukansu zuriyar Kabo. Tsakanin gonakinsu akwai wani siririn fili da ya daɗe a saura, gambar da ta yi masa iyaka kuma shanu sun cinye ta tuntuni. A wannan shekarar Mainasara ya zuba wake a wurin, waken kuwa ya yi kyan da mai wucewa sai ya waiga. Ranar da zai fara roro, ya tarar da Ikrima tsaye a ciki da buhu, yana cewa wurin na babansa ne. Magana ta yi zafi har matansu suka daina ɗebo wa juna wuta.

Maigari bai so a kai kotu ba, don haka ya tara dattawa da hantsi a ƙofar gidansa. Kowa ya faɗi abin da ya ji, babu wanda ya gani da idonsa. Can sai Liman ya gyara zama ya ce, "Ina yaro na ji mahaifin Lado yana jero iyakokin gonar Kabo a cikin takensa. A kira Lado."

Lado ya zo da igiyar da yake tufka a hannu, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Aka gaya masa abin da ake nema. Ya miƙe, ya gyara murya, ya buɗe baki.

"Kabo... Kabo na..."

Shi ke nan, sauran ta maƙale. Ya sake farawa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Waƙar da ya rera fiye da sau dubu ta ɓace masa fat. Gumi ya keto masa, wasu suka fara sunkuyar da kai suna dariya.

"Allah ya gafarta Malam," in ji shi, "waƙar nan a fatar ganga take zaune. Ban taɓa kiranta ba sai da kiɗa."

Liman ya shafa gemu, ya dubi Maigari, Maigari ya dubi ƙasa. Babu mai son a ce a bakinsa aka ji an ce a ɗauko ganga.

To, a bayan dangar gidan Maigari mata ne ke sussukar gero, Safiyatu na cikinsu, kuma duk abin da ake yi a kunnenta. Shekara talatin da biyar tana jin taken Kabo, ta san saukar kowane bugu. Ta raɗa wa mata biyu magana, suka kewaye turmi ɗaya, ta fara, suka bi ta. Lugude ya tashi, biyu a jere, ɗaya a baya, daidai yadda gangar noma ke tafiya.

A waje, babban yatsan ƙafar Lado ya fara motsi. Kafaɗar nan ta hagu ta ƙara sauka kamar an rataya mata kaya. Sai murya ta fito tar:

"Kabo na Yelwa, mai garma kamar ƙyauren gari,
Gabas gawo ne, yamma bakin rijiya.
Babba ya ɗau jigawa, ƙarami ya ɗau kwari,
Tsakaninsu gayaunar Shatu ce, 'yar auta,
Wanda ya taɓa ta, gemun Kabo ya taɓa."

Taɓaren suka tsaya.

"Wace ce kuma Shatu?" in ji Ikrima.

Daga bayan danga aka ji wata murya ta amsa. "Kakata ce. Ita ta haifi uwata." Nagoggo ce, dattijuwar da ke sayar da daddawa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta ba ko taki ɗaya na gona. Ita kanta ba ta taɓa sanin kakarta tana da fili ba.

Liman ya ce waƙa ita kaɗai ba ta isa hujja ba. Aka aika wurin tsofaffi biyu da tsufa ya zaunar a gida, aka tambayi kowanne shi kaɗai. Dukansu suka ce lallai suna yara, gayaunar Shatu ake kiran wurin, kuma kyauta ce ubanta ya yi mata tun yana raye.

Abin mamaki, masu rigimar ne suka fi kowa sakin fuska. Kowannensu ya gwammace filin ya tafi ko'ina da dai ya faɗa hannun ɗan'uwansa. Mainasara ya ce tunda shi ya shuka zai rore, amma rabin waken na Inna Nagoggo ne. Ikrima ya ce shi zai dasa mata sabuwar gamba, in dai za a bar wa tumakinsa harawar. Maigari ya sa suka yi musafaha.

Ana shirin tashi wani ya tambayi Liman hukuncin abin da matan suka yi. Liman ya kakkaɓe buzunsa ya ce, "Ni dai sussuka na ji ana yi. Ban san littafin da ya hana turmi ba."

Ranar Lado ya koma gida yana ta murmushi shi kaɗai. Ya tarar da Safiyatu tana sheƙe gero, ya tsaya a kanta ya ce, "Ashe shekarun nan duka kina sata mini sana'a ban sani ba."

"Sana'ar da ake yi a kan murfin akushina?" in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Labari ya bazu. Malam Zulkifilu na makarantar firamare ya riƙa zuwa da littafi yana rubuta taken gidajen garin, Lado yana faɗa, Safiyatu tana daka a gefe. Daga ƙauyukan makwabta ma aka fara zuwa, musamman da kaka, lokacin da mutane ke da sukuni da abin kyauta.

Wata rana wani attajirin dillalin raƙuma ya zo da mota tun daga Kongolam. Ya ji an ce asalinsu Kwarin Gawo ne, yana son ya ji taken kakansa. Da ya faɗi sunan, Lado ya sosa ƙeya, don abin da waƙar ta ce shi ne mutumin ya fi kowa sanin inuwar da ta fi sanyi a gona.

"Alhaji," in ji Lado, "kakanka mutum ne mai hangen nesa. Tun wancan zamani ya gane arzikin gidanku ba a garma yake ba."

Alhajin ya dube shi, ya dubi Safiyatu da ta toshe baki da gefen mayafi, sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce ai ko babansa haka yake. Bai tafi ba sai da ya ci ɗanwaken sabon wake, ya kuma sa Lado ya rera masa taken yadda yake, ba ragi.