Telan da ke Bin Kwandon Shara

"Wallahi ko keken nan ya bar gidan nan, ko ni in bar shi!"

Muryar 'yarsa ce ta ratso bango. Baba Tela ya ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki, ya kasa kunne. Mijinta yana ta lallashi: "Haba, sassauta murya, yana jin ki."

"Ya ji mana! Rigar da na jefa a shara da hannuna, yau na gan ta a jikin mai sharar ofishinmu. Kowa ya gane ta. Har wata 'yar rainin wayo tana tambayata wai ko telanmu ɗaya."

Baba ya san rigar. Shuɗiya ce, zif kawai ya mutu. Shi ya gyara, ya ba wata mata a layin baya, bai tambayi inda take aiki ba.

Tun yana saurayi gyaran tsoho ya fi iyawa. Yakan juya wuyan riga ciki ya koma waje, ya ciro ƙyalle daga ƙasan riga ya toshe hammata, don kada facin ya bambanta. Da matarsa ta rasu, da kayan da mutane suka manta a shagonsa ya tufatar da yarinyar. A makaranta suka sa mata 'Yar Faci. Ranar da ta gaya masa, dariya ya yi. Ita ba ta yi ba.

Yanzu durowarta ba ta rufuwa don cika. Kwalaye na shigowa, ta sa riga sau ɗaya, a ɗau hoto, ta wurgar. Shi kuma kafin masu kwasar shara su iso, ya riga su.

In ka tambaye shi, zai ce ɓarna ce ba ya so, ga mata nan da ke wanke riga ɗaya su zauna jiran ta bushe. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Tun da ta fara aiki, ko maɓalli ba ta taɓa kawo masa ya ɗinka ba. A jikin kayan sharar nan yake jin labarinta: ya gane ta rame, ya gane har yanzu tana murɗa bakin hannun riga in ranta ya ɓaci, kamar tana ƙarama.

Washegari ya kwance kan keken daga teburinsa, ya naɗe shi a tsohon zanen gado, ya ce zai koma wurin ƙanensa. Ta fito cikin sabuwar riga, idonta a kumbure.

"Baba, ni fa ban ce ka tafi ba. Keken na ce."

"Ai na ji, uwata. Bangon ba kauri."

Sai idonsa ya sauka kan hannun rigarta, zare ya fara warwarewa. Bai san lokacin da ya zaro allura daga hularsa ba. Ta janye hannun, ta ɓoye a bayanta.

Ya mayar da allurar. Surukinsa ya ɗauki keken ya yi gaba, kansa a ƙasa. A bakin ƙofa Baba ya tsaya, bai juyo ba.

"In kin gama da rigar nan, kada ki haɗa ta da ɓawon albasa, wari yake kamawa. Ki rataye a ƙofa. Ba sai kin gan ni ba."