Ƙofar Gidan Mama Ngozi

Wata Lahadi da kaka, a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Arewa Maso Gabas, muna zaune kan tabarmar yara a majami'armu ta Jimeta sai ga Dattijo Bulus, leburori biyu na biye da shi ɗauke da wata shuɗiyar ƙofa. Akawu ne a ofishin En'e, mai tumbi da agogon hannu da yake yawan dubawa don a gani. Ya ce kyauta ce ya kawo wa Ubangiji. Mata suka rangaɗa guɗa, shi kuwa ya sunkuyar da kai, irin tawali'un nan mai jiran a ƙara tafi.

Na san ƙofar sarai. Ta gidan Mama Ngozi ce, telar unguwarmu, wadda ta gudu garinsu can Gabas da iyalinta shekara guda kafin nan, lokacin da gari ya rikice. A bakin ƙofar muke carafke da 'yarta Ngozi in mun dawo ɗiban ruwa daga Binuwai, har sai Inna ta kira ni surfe. Bayan tafiyarsu, Bulus ya kwashe kwanon rufi da keken ɗinki da rana tsaka. Kowa ya gani, kowa ya ce bai gani ba.

Ranar ma haka aka yi. Dattawan sahun gaba, masu yawo da Littafi Mai Tsarki a hammata kamar laya, suka zuba wa takalmansu ido. Sai Inna, mai sayar da busasshen kifi, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa, ta miƙe ta ce, "Baba Fasto, ƙofar Mama Ngozi ce. Allah ba ya karɓar kayan sata." Bulus ya kumbura kamar kwaɗo, ya tambaye ta ko ta san da wanda take magana. Ta ce, "Na sani, Dattijo. Shi ya sa na tashi tsaye."

Aka cire Inna daga ƙungiyar mawaƙa, ƙofa kuma aka kafa ta. Inna ta ƙi bi ta cikinta. Kowace Lahadi sai ta shimfiɗa mana tabarma ƙarƙashin dogonyaro, mu riƙa amsa waƙa daga waje. Babana ya yi ta faɗa cewa za ta jawo mana fitina, amma a mako na uku sai ga shi da kujerarsa. Mata suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Sai da na waje suka fi na ciki yawa dattawan nan suka gano cewa sata zunubi ce. Aka ɓalle ƙofar aka kai gidanmu ajiya. Bulus ya yi fushi ya koma wata majami'ar, inda suka ba shi kujerar gaba.

Bayan yaƙin basasa Mama Ngozi ta dawo ita kaɗai, ba Ngozi. Gidanta kuwa, wani ya riga ya shige. Ta zo gidanmu, ta daɗe tana shafa katakon ƙofar.

Yanzu majami'unmu sun yi tsawo, ga lasifika tana tsaga kunne, ga irin su Bulus jere a gaba, an san inda suka samo dukiyarsu, ana musu tafi. Nakan waiwaya sashen mata ina jiran wata ta miƙe. Har yau ban gani ba, ni ma kuwa a zaune nake.