Kitson Najaha na Ƙarshe

Shekara arba'in Kaltuma ta yi tana kitso a Matamaye, ba a taɓa ganin ta sa matsefi a busasshen kai ba. Sai ta jiƙa gashi da ruwan karkashi, ta shafa man shanu, sannan ta warware shi da yatsu a hankali. Mai gaggawa kuwa, ƙofa take nuna mata. "Gashinmu a murɗe Allah ya yi shi," in ji ta, "lallashi yake so."

Cikin matan da take yi wa kitso babu mai raki kamar Najaha, ƙawarta tun ƙuruciya. Kafin a taɓa ta ta fara wayyo. Kaltuma ta yi ta faɗa, tana kuma sassauta hannu, tana cewa, "Saura kaɗan."

Ranar da Najaha ta rasu, aka kira Kaltuma wajen wanka, don a tsefe kan a kama shi gida uku kamar yadda ake yi wa mata. Ta tarar ƙanwar mijin ta riga ta kafa matsefi tana fizga, wai maza na jira. Kaltuma ta buge mata hannu.

"Don yau ba ta da bakin cewa wayyo?"

Ta sa aka jiƙa karkashi, ta durƙusa, ta bi gashin sili-sili. Sau biyu liman yana aikowa, ba ta ko ɗaga kai ba. Da ta kama na uku, sai ta sunkuya wajen kunnenta.

"Sannu, Najaha. Saura kaɗan."