Ranar da Awaki Suka Cinye Mini Darasi

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da aji ɗaya, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Laraba a ƙarshen zango na biyu, ranar da awaki suka cinye mini darasi. Tunda yawancinku malamai ne sababbin ɗauka, kuma na ji an ce wasunku ƙananan azuzuwa za a ba su, bari in ba ku labarin tun daga tushe.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye a yankin Gagarawa, inda in ka sauka daga titi sai ka hau babur ka sha rairayi kafin ka kai. Da dogon hutu aka kira mu bita a Gumel, mu malaman aji ɗaya da na biyu, aka koya mana wata hanya ta koyar da karatu da Hausa. Ga wanda bai san aikin ba, bambancin ɗan kaɗan ne a baki, amma a cikin aji babba ne. Abin da muka saba shi ne malami ya jera haruffa a allo, yana nunawa da sanda, yara suna bi da ƙarfi: e, bi, si, di. Yaro zai rera su daga farko har ƙarshe ido rufe, amma ka rubuta masa “baba” ya tsaya yana kallonka. A sabuwar hanyar ba sunan harafi ake fara koyarwa ba, sautinsa ake koyarwa. Daga nan a haɗa baƙi da wasali su ba da gaɓa, kamar “ba” ko “ki”, sannan a haɗa gaɓa da gaɓa, sai ga “baki”.

Na dawo daga bitar nan da zumuɗi, na ƙagu a koma makaranta. Kowane sauti na yi masa ’yar waƙa da motsinsa. In mun zo kan “s” sai mu lanƙwasa hannu kamar tafiyar maciji, in “m” ne mu shafa ciki kamar an sha fura mai daɗi. Mu rubuta harafi a iska da yatsa, sannan kowa ya rubuta a bayan na gabansa, na gaban ya faɗi abin da ya ji an rubuta masa. Mu tafa sunayenmu gaɓa-gaɓa, Mu-sa tafi biyu, Ha-li-ma tafi uku. Na bi masu shaguna na roƙi kwalayen taliya da na sabulu, na yayyanka, na manna musu farar takarda da kwaɓin fulawa, na rubuta gaɓoɓi manya-manya. Yara biyu su fito, kowa riƙe da katinsa, su yi ta matsowa har kafaɗa ta taɓa kafaɗa, sai aji ya karanta abin da suka zama. Ajin a cike yake maƙil, saboda haka kun san irin hayaniyar da ke tashi. Daga bakin rijiyar gari ana jin mu.

Hayaniyar nan ce ta jawo mini magana. Shugaban kwamitin makaranta, wato kwamitin iyaye da dattawan gari masu sa ido a kan harkar makaranta, shi ne Alhaji Ɗanlami, dillalin shanu a kasuwar Maigatari. Mutum ne mai son ilimi, in aka ce makaranta tana neman wani abu shi ne a gaba, kuma maganarsa ba ta faɗuwa a garin. Jikarsa Ummi tana ajina. Wata rana ya zo ofishin hedimasta, Malam Sabo, aka kira ni. Bayan na durƙusa na gaishe shi, ya dubi hedimasta ya ce, “Malam, karatu muka kawo yaran nan ko gaɗa? Zango biyu ke nan, yarinyar nan ba ta iya ebisidi ba. In ta dawo gida sai ta riƙa yi mana sss kamar kububuwa. Ko ’yan lakwal, makarantar bokon ƙetaren iyaka, da nake gani a Maigatari ba haka ake yi musu ba.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, karatun ne, hanyar ce ta sauya.”

Ya ce, “Malama, ni abin da na gani nake faɗa.”

Da ya tafi, Malam Sabo ya ce da ni, “Malama Rabi, ni ban ce kin yi laifi ba, hukuma ce ta tura ku bitar. Amma makaranta ba ta tafiya in iyaye sun juya mata baya. Ranar Laraba jami’ar duba makarantu za ta zo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Na gayyaci Alhaji da mutanensa su zauna su gani. In ba su gamsu ba, zan mai da ke aji huɗu, a koma yadda aka saba.”

Ba komawa aji huɗu ce ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yaran sun zo daf da bakin abin. Na ga alamar a idanunsu, wasu ma har sun fara kamawa. In aka karɓe su a lokacin aka mai da su bin sanda, duk wahalar da muka sha ta tafi a banza.

Yadda aikin duba makaranta yake shi ne, jami’a takan zauna a bayan aji ta kalli darasi daga farko har ƙarshe, sannan ta kira wasu yara ta gwada su da kanta, daga baya ta zauna da malami ta faɗa masa inda ya yi daidai da inda zai gyara. Don haka ranar Talata bayan an tashi na tsaya na jera katunana a kan benci a gaban aji, kowanne a wurin da zan ɗauke shi, na ja ƙofa na tafi gida raina kwance.

Abin da ban lissafa ba shi ne tagar baya ba ta da murfi, kuma bazara ce, awakin gari a sake suke, ba ciyawa ko ƙwalli. Ga ƙanshin fulawa. Da safe ina tura ƙofa sai na ga awaki suna rige-rigen fita ta taga. Wata baƙar akuya ma ba ta damu da ni ba, ta tsaya tana tauna, rabin “ku” yana leƙowa daga bakinta. Katunan da na shafe watanni ina yi sun zama tsumma. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun.

Yara suka fara isowa, suka cika bakin ƙofa suna jajanta mini. Ina kallon ƙafafunsu cikin rairayi sai dabara ta faɗo mini. Na ce kowa ya fito. Muka share gindin darbejiyar da ke tsakiyar makaranta, manyan cikinsu suka ɗebo ruwa a famfon tuƙa-tuƙa muka yayyafa don rairayin ya kama rubutu. Na sami kara na zana da’ira manya-manya kamar gidajen ’yar gala-gala, a cikin kowace na rubuta gaɓa ɗaya: ra, go, ga, ri, ma, sa, na, ka, ku, da sauransu. Ban gama goge hannu ba sai ga ƙarar babur.

Jami’ar ita ce Madam Rifkatu, mutuniyar Filato ce amma ta daɗe a Gumel har Hausarta ta koma ta Gumel. An san ta da rashin wasa a bakin aiki. Ta dubi aji ba kowa, ta dube mu a gindin bishiya, ta ce, “Malama, yau a waje ake karatun?” Na ba ta labarin awaki a taƙaice. Ba ta yi dariya ba, ta ce a kawo mata kujera. Aka shimfiɗa wa Alhaji da dattawa tabarma, hedimasta ya tsaya a gefe hannu a baya.

Muka fara da waƙar sautuka, muka tafa sunaye, sannan aka shiga tsalle. Yaro ya fito ya dira a kan gaɓa ɗaya, aji ya faɗe ta, ya tsallaka ya dira a wata, aji ya faɗe ta, sannan a haɗa. Ra, na, rana. Ga, ri, gari. Na, ma, nama. Yaran da ba su taɓa yin wannan wasan ba suka kama shi nan take, hannuwa duk a sama, kowa yana son a kira shi. Wani ya dira a “ka” ya yi tsalle a wurin ya sake dira, aji ya ce “kaka”, aka fashe da dariya. Ni kaina na manta da baƙi, murna ta ɗebe ni.

Sai Alhaji ya yi gyaran murya. Ya ce, “Madam, ba don in katse ku ba. Wannan ai hadda ce. Ta san za mu zo, ta biya musu jiya.”

Madam Rifkatu ta ce, “Alhaji, ba ku yi ƙarya ba, ana yin haka, na sha gani. To ga yadda za mu yi. Ku raɗa mini duk kalmar da kuka ga dama, ni in rubuta da hannuna. Malama ta koma gefe ta juya baya. Yaron da zai karanta ma ku za ku zaɓa.”

Alhaji ya ce ya yarda, amma ban da jikarsa, kada a ce ya yi son kai. Na koma jikin bango na juya baya. Na ji ƙarar kara a rairayi, sannan muryar wani yaro a hankali: “Tu… ma… ki. Tumaki.” Aji ya ɗauki tafi. Aka sake rubutawa, wata yarinya ta ce, “Bi… ji… mi. Bijimi.” Na ji ɗaya daga cikin dattawan ya ce, “Ikon Allah.”

A ta ukun ban iya haƙuri ba, na waiga. Sai na ga abin da aka rubuta. “Karsana” ce. Ba mu kai ga gaɓar da ke ƙarewa da baƙi ba, sai zango na uku za mu shiga. Kuma Alhaji ya miƙa yatsa can baya ya nuna Hajjo. Hajjo ’yar ruga ce, Fulatanci ake yi a gidansu, lokacin da aka kawo ta Hausar ma da ƙyar take haɗawa, kuma ba ta cika ɗaga hannu ba.

Ta fito ta tsuguna a gaban rubutun, ta ɗora yatsa. Ta ce, “Ka.” Ta matsa, ta ga baƙi shi kaɗai ba wasali, ta tsaya. Na kusa buɗe baki in ce ba mu zo nan ba, Madam ta ɗaga mini hannu. Hajjo ta koma farko. “Ka… rrr… sa… na.” Ta sake, da ɗan sauri. Ta sake. Sai na ga fuskarta ta buɗe, ta ɗago kai ta dubi Alhaji ido cikin ido ta ce, “Karsana ce. Baffana yana da ita, ja.”

Abin da ya biyo baya ba zan iya kwatanta muku ba. Yara suka miƙe suna tsalle, malaman sauran azuzuwa da suke leƙe ta taga suka fito suna tafi. Madam Rifkatu, wadda aka ce ba ta dariya, tana dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na rungume yarinyar nan, hawaye yana zuba ban ma sani ba.

Alhaji bai yi tafi ba. Ya tashi daga tabarma, ya zo ya tsaya a kan rubutun yana kallo. Shi ajami yake karantawa, bai yi boko ba. Ya karɓi karan ya nuna haruffa biyu na farko ya ce, “Malama, wannan baƙi ne, wannan kuma shi ya ba shi murya?”

Na ce, “Haka ne, ranka ya daɗe.”

Ya jinjina kai ya ce, “To ashe babbaƙu da farfaru ne.” Wato matakai biyu na farko a makarantar allo, inda yaro ke fara sanin baƙaƙe, sannan a sa musu wasali. Ya juya ga dattawa ya ce, “Ai yadda aka koya mana ne. Tsallen ne kawai ba a yi mana ba.”

Sannan ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya taka cikin wata da’ira, ya ce da Ummi, “Ke, nan ina ne?” Ta rufe fuska da mayafi ta ce, “Ra.” Ya ɗaga ƙafa ya taka ta kusa da ita, aji gaba ɗaya ya ce, “Go.” Ya motsa leɓe yana haɗa su, sannan ya ce, “Rago. To, yau ni ma na karanta boko.” Ya dubi Malam Sabo ya ce, “A bar ta da ajinta.”

Da muka zauna da Madam daga baya, ta yaba, ta kuma gyara mini abu ɗaya. Ta ce ina yawan kiran masu ɗaga hannu, in riƙa kai ido baya. Ta ce kuma wasan nan na rairayi in zo in nuna wa malaman makarantun kewaye a taronmu na wata-wata, ko da na yi sababbin katuna kada in bar shi.

Tun daga ranar, kowane zango sai na gayyato iyaye su zauna a darasi, in koma gefe, su zaɓi kalma da kansu. Na gane cewa iyayenmu na karkara ba ƙin sabon abu suke yi ba. Suna so su gani da idonsu, kuma a faɗa musu da abin da suka sani. Mutumin da ya fi kowa matsa maka, sau da yawa shi ne wanda abin ya fi damu, kuma in ya gamsu shi zai tsaya maka. Na kuma gane cewa in yaro ya tsaya a tsakiyar kalma, kada malami ya yi saurin ƙarasa masa. Ya danne bakinsa ya jira, shirun nan aiki ne yaron yake yi.

Saboda haka duk wanda aka ba aji ɗaya a cikinku, kada ya ɗauka an rage masa girma. A duk makaranta, nan ne ajin da mutum ke shiga bai iya karatu ba ya fito ya iya, kuma a gabanku abin zai faru.