'Yar Akuyar da Na Yi wa Wanka

Jiya da hantsi ina shanya a tsakar gida, sai na ji kukan jaririn akuya daga gidan maƙwabta, siririn kukan nan mai rawa kamar zai tsinke. Na tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu ina jira in ji ko uwar za ta amsa. Sai da ta amsa, da ɗan gunjin nan na ƙasa-ƙasa da akuya ke yi wa ɗanta shi kaɗai, sannan na iya ci gaba da aikina. Yau ina da jikoki, amma ban daina wannan jiran ba. Bari in gaya maka dalili.

A wani ƙauye na gefen Ruma aka haife ni. Ina da shekara tara ko goma fari ya same mu, damina biyu a jere gero yana bushewa a tsaye kafin ya fid da kai. Rumbunmu ya zama wurin kwanan kaji, daga baya kajin ma aka sayar. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini, wani lokaci garin kwaki ne kawai da busasshiyar tafasa. Fulanin rugar bayan gari suka kora shanunsu suka yi kudu. Baba ya riƙa jan dabbobinmu zuwa kasuwar Batsari ɗaya bayan ɗaya, har ya rage akuya guda, ta Kaka, mahaifiyarsa.

Ja ce mai farin goshi, ta tsufa har haƙoranta sun fara zubewa. Ba wanda zai saye ta da daraja, kuma ko da akwai, Kaka ba za ta bayar ba. Ranar da aka kawo Kaka gidan aure, da wata 'yar akuya aka rako ta daga ɗakin uwarta, wannan kuwa jikar jikar waccan ce. Daga tsatson waccan ta farkon aka yi wa goggonnina kayan ɗaki, da nononta aka yaye Baba. A shekarar tana da ciki, Kaka kuma ta san shi ne na ƙarshe. Takan shafa gefen cikin ta ce, "In namiji ne, kuɗin iri. In Allah ya ba mu mace, turke bai mutu ba."

Ni kuwa tun ina ƙarama haka Allah ya yi ni, ba na yin abu in yarda ya yi daidai. Sai in yi alwala in sake, don ina kokwanton ko ruwa ya taɓa diddigena. A lokacin matar malaminmu ta fara koya mana tsarki, ta ce jini najasa ne, in ya taɓa tufa ba a salla da ita sai an wanke. Na riƙe wannan magana da hannu biyu. Kaka a gidan da ba a salla aka haife ta, da girmanta ta koya, sai na ɗora wa kaina gadin sallarta.

"Kaka, ba ki kai gwiwar hannu ba."

"To Malama, an ji. In an je can sai ki tsaya kusa da ni ki yi masu bayani."

Malama take kirana, ni kuma in ce mata tsohuwa, mu yi dariya. Amma a raina ba wasa ba ne. Tsoro nake ji kada a ƙi karɓar sallar Kaka.

Ranar da abin ya faru bazara ce, zafi tun da sassafe. Baba ya shiga daji yin itacen sayarwa. Inna ta goyi ƙanena ta tafi rijiya mai nisa, don tamu ta ƙafe. Kaka ta ɗauki sanda za ta kaɗo wa akuyar 'ya'yan gawo. Ta duba hantsarta ta ce, "Ba yau ba ce. Ki dai sa mata ido, ki kore kare." Iyakar abin da ta ce ke nan. Wa zai yi tunanin ya ja wa yarinya kunne a kan abin da na aikata?

Rana ba ta kai tsaka ba akuyar ta fara tonon ƙasa, ta kwanta ta tashi, ta sake kwantawa. Na farko ya fito, namiji. Ta juya ta hau lasarsa, tun daga hanci har wutsiya, tana yi masa gunjin nan. Tana cikin haka na biyu ya sulluɓo a bayanta. Na leƙa, na ga mace ce, ja mai farin goshi kamar uwarta. Tana kwance cikin ƙasa, yauƙi da jini sun lulluɓe ta, ƙudaje sun fara sauka, uwar kuwa hankalinta na kan namijin. Da na ƙara haƙuri kaɗan, da ta juyo. Yanzu na san haka.

Abin da ya zo mini a rai shi ne Kaka. Na san tana shigowa za ta rungumi wannan 'ya a ƙirji, zaninta kuwa guda ɗaya ne, da shi za ta yi azahar. Sai na ɗauke 'yar na kai bayan ɗaki. Na ɗebi ƙwarya biyu daga ɗan ruwan da ya rage a randa. Na buɗe kwallar Inna na ciro guntun sabulu mai ƙamshi da Baba ya taɓa kawo mata daga ci-rani, wanda sai ranar salla take taɓa shi. Na wanke 'yar akuyar tas, har cikin kunne da ƙarƙashin wutsiya, na ɗauraye ta sau uku, na goge ta da kallabina. Da mabiyiya ta faɗo, na kwashe ta da kasko na binne a gindin danga, na zuba toka, na share turken ƙal. Ina gamawa na ji daɗi a raina, na ce yau Kaka za ta yaba.

Na ajiye ta a gaban uwarta. Akuyar ta sunsuna kanta, ta sunsuna bayanta, ta ja da baya. 'Yar ta taso tana tangaɗi ta nufi hantsa. Uwar ta sunkuyar da kai ta tunkuye ta, har ta wuntsila. Ta sake tasowa, aka sake tunkuɗe ta. Haka Kaka ta same mu.

Ta zubar da 'ya'yan gawon, ta ɗaga 'yar ta kai hanci.

"Mi kika yi mata, ɗiyar nan?"

"Wanka na yi mata, Kaka. Saboda zaninki."

Ta dubi zanin nata, ta dube ni. Na jira duka, na jira zagi, ban samu ko ɗaya ba. A hankali ta ce, "Akuya ba da ido take sanin ɗanta ba, da hanci ne da harshe. Kin wanke mata shaidar. Ina mabiyiyar?"

Muka tono ta, duk ta cakuɗe da toka da yashi. Kaka ta goga wa 'yar abin da ya samu, ba ta ko kula da jinin da ya ɓata mata zani ba. Ta tatsi dakashi, nonon farkon nan mai kauri, ta shafa mata a ka da gindin wutsiya. Ta barbaɗa mata ɗan gishirin miyarmu ko uwar za ta lasa. Ta dama dusa da kanwa a ruwan ɗumi ta ba mai jegon. Akuyar ta shanye dusar, ta lashe namijin, ta juya wa macen baya.

Da la'asar Baba ya dawo ya tarar da ni riƙe da ƙahon akuya, Kaka a durƙushe tana cusa wa 'yar kan nono a baki. Ya tambayi abin da ya faru. Bakina ya buɗe, amma Kaka ta riga ni.

"Tsufa ne. Tsohuwar akuya takan zaɓi ɗaya ta bar ɗaya."

Ban taɓa jin Kaka ta faɗi abin da ba haka yake ba sai ranar. Baba ya ce Allah ya kyauta, ya wuce. Inna ta ga randa, ta ga sabulunta a jiƙe, ita ma da Kaka ta dube ta sai ta mayar da shi ta rufe kwallar.

Kwana biyar muka yi muna fama. Sau huɗu a yini nakan riƙe ƙaho, Kaka ta danne ƙafar baya. Amma akuyar da ke rayuwa a kan 'ya'yan gawo nono nawa gare ta? In an danne ta sai ta ɗauke shi, in an saki namijin sai ta sakar masa. Muka ɗaure shi nesa, ta yini tana kuka ta ƙi cin komai. Ba Fulani balle a roƙi madara. Kaka ta koma tsoma tsumma a ruwan kokonta tana ɗiga wa 'yar a baki, kokon da shi ne abincinta har dare. In na ce ta sha nawa sai ta ce, "Malama, sha abinki. Ni na ci shekarun ƙoshi da yawa, suna nan a ciki."

A kwana na huɗu zawo ya kama 'yar. Ta daina bin uwar, sai ni take bi, tana tsotsar bakin zanina. In ta yi kuka ni ce ke amsawa. A rana ta shida da hantsi ta mutu a cinyata, ba ta fi nauyin ludayi biyu ba. Kaka ta karɓe ta, ta shafa farin goshin da babban yatsa, ta ce, "Wanda ya ba mu ya karɓa." Ta kai ta bayan gida da kanta.

An sayar da namijin aka sayi iri. Tsohuwar akuyar ba ta ga ƙarshen daminar ba. Da abinci ya dawo Baba ya so ya saya wa Kaka wata, ta ce ya bar kuɗinsa, ta kasuwa ba ta san ɗakin uwarta ba. Bayan damina biyu ita ma ta rasu. Har ta koma ga Allah ba ta tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya, ni kuma kunya ta hana ni in ce ta yafe mini.

Yanzu ba kowa a ƙauyen namu. Da ɓarayin daji suka matsa, suka kore shanun noman Baba da awakin matan gari a yini ɗaya, sai muka kwaso abin da ya samu muka dawo cikin Batsari, muna haya. A ƙauyukan da suka rage ma mutane tsoron kiwo suke, don dabba a turke kiran masifa ce. Yaran gidanmu ba su taɓa ganin haihuwar akuya ba.

A ɗakin hayar nan ne, da Baba ya kwanta ciwon ajali, na durƙusa kusa da shi na gaya masa komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi ɗan murmushi.

"Ni na sayo sabulun nan, uwata. Tun daga bakin turke na ji shi. Amma wadda ta haife ni ta ce tsufa ne, ni wane ne in ce ba tsufa ba?"

Na ce, "Ashe ka sani, Baba."

"Na sani. Ita ce dai ba ta san na sani ba."

Tun daga ranar na ƙara abu ɗaya a addu'ata bayan kowace salla. Ina roƙon Allah, in an rubuta wa Kaka maganar nan da ta faɗa domina, a goge ta daga littafinta a mayar a nawa. Ban sani ba ko ana karɓar irin wannan roƙo, kuma ina jin nauyin tambayar malamai. Ina dai yi.